Na saka sabon ma'aji, faifan Baba ya ɓace

Anti, don girman Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zan yi da-na-sani. Babanmu mai ɗaukar hoto ne, kuma tun da ya rasu ni nake riƙe da shagon. Duk hotunan da ya ɗauka a rayuwarsa suna cikin faifan tsohuwar kwamfutarsa, irin faifan nan mai nauyi da ake jin yana juyawa. Kin san mai hoto ba ya fitowa a hoto. Guda ɗaya tak muke da shi nasa, wanda ya ɗauki kansa ta madubin shago yana dariya, kuma yana cikin faifan. Mama ta dame ni in wanke mata shi.

To kwamfutar ta mutu. Yayana gyaran kwamfuta yake yi, ya ce zai duba. Yau, gobe, jibi, har ƙura ta rufe ta. Da na ce zan haɗa sabuwa da hannuna sai ya yi dariya, wai in tsaya a kan gyara wa amare fuska. Dariyar nan ta tsaya mini a rai. Na rantse ko ƙusa ɗaya ba zai ɗaura mini ba.

Ba da ka na yi ba, Anti. Na tabbatar firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya dace da babban allon da komai ke maƙalewa a jikinsa, na duba irin ram ɗin da allon yake karɓa, wato abin da ke riƙe aikin da ake kan yi, har tef ɗin maƙwabciyata mai ɗinki na ara na auna akwatin da zan haɗa su a ciki. Na share teburin da muke yanka hotuna, na zuba ƙusoshi a murfin kwalba, na haɗa. Da fanka ta juya sai da na yi guɗa ni kaɗai. Na jona faifan Baba, ga sunansa nan a fuskar kwamfutar. Sai na ce bari in jira sabon ma'ajin da na yi oda, SSD, ɗan siriri kamar cingam, in ɗora manhaja a kansa tukuna.

Ya zo, ya shiga raminsa daram. Ina kunnawa, sabon ya fito, na Baba babu shi babu dalilinsa. In na ɗora hannu ina jin yana juyawa, amma kwamfutar ta ce ba ta san shi ba. Tun ranar na kashe, ban sake taɓawa ba, kuma na ce wa Mama tawada ce ta ƙare.

Shin na ƙona shi ne? Ni dai ba zan kai wa Yaya ya ce ai ya faɗa ba. Abin da na fara, ni zan ƙarasa.

Mai Taurin Kai

Ƙanwata Mai Taurin Kai,

Ki sha ruwa, ki sauke numfashi. Ban ga kwamfutarki ba, don haka ba zan rantse ba, amma alamun da kika bayar masu kyau ne. Faifan ya fito, kika ƙara abu ɗaya, ya ɓace, kuma yana juyawa. Alluna da yawa suna raba hanya ɗaya tsakanin ramin siririn ma'ajin, wanda ake kira M.2, da wasu daga cikin ramukan SATA da ake jona tsohon faifai. In an cika wancan, sai waɗannan su rufe. Kin duba ko zai shiga, ba ki duba me zai kora in ya shiga ba. Manyan masu haɗawa ma suna faɗawa ramin nan.

Ki ɗauko littafin da ya zo a kwalin allon, ki nemi shafin ma'aji. A can ƙasa, da ƙananan rubutu, za a faɗi ramukan da ke rufewa. Ki cire wuta gaba ɗaya, ki mayar da wayar faifan zuwa ramin da ba a ambata ba. Lokacin ɗora manhaja kuwa, ki zare faifan Baba ki ajiye gefe, sai kin gama ki jona. Duk saƙon da ya ce ki yi fomat, wato ki goge faifan, amsarsa a'a. In kuma kika ji yana ƙas-ƙas, ko ya ƙi fitowa a kowane rami, ki kashe nan take ki nemi gwani, ko da gwanin Yayanki ne. Kunya ba ta kisa, amma hoton nan ba shi da na biyu.

Yayanki bai kyauta ba, ya ja miki rai kuma ya raina ki. Sai dai ki tuna shi ma ubansa ne. Akwai mutanen da jinkirinsu tsoro ne, wataƙila ya kasa taɓa kayan Baba ne sai ya fake da dariya. Zuciyar da ta sa kika haɗa kwamfuta abin yabo ce, kada ki bari ita ce ta sa ki yi caca da abin da naku ne duka. A wajen Mama kuma, ki daina ɗora wa tawada laifi.

Ranar da faifan ya fito, kada ki buɗe aikin kowa. Ki kwafe komai zuwa wani wurin, domin faifan ya tsufa. Sannan ki wanke hoton nan guda uku: na Mama, naki, da na Yaya. Ki kai masa da kanki, ba sai kin ce komai ba, zai san da wace kwamfuta aka wanke shi.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa wa hannunki albarka.

Anti