Azarar Ɗakin Baba

Gusau, Lahadi

Zuwa ga Yaya Tajuddeen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da mutanen Bungudu.

Yaya, ka tuna azarar ɗakin Baba da muka raba a 'Yandoto bayan rasuwarsa? Tawa tana zubo gari kamar dusa, wasu manyan tururuwa baƙaƙe suna fita daga cikinta. Na kai wa wani malamin gona guda uku a kwalba. Ya ce ba cin itace suke yi ba, rami suke haƙawa su yi gida a wanda ya sha danshi, kuma duk garin da aka kai itacen, can za su yaɗu.

Don Allah ka duba taka. Hankalina yana kan Inna, huɗu ta ɗauka, ka san kuma a saman gadonta aka jera su a Tsafe.

Ƙanwarka,
Bara'atu

Tsafe, Alhamis

Yaya,

Ina gaishe ka, ya jikin yara? Saƙonka ya iso, ashe taka ma haka. Ta ƙanwarmu Delu a Wanke ma haka. Na je 'Yandoto, na tarar da tururuwan maƙil a kututturen bayan kangonmu. Ka ga mu da hannunmu muka raba su gari huɗu, muna murnar gado!

Na soka wuƙa a ta saman gadon Inna, ta shige kamar a kabewa. Amma Inna ta kafe. Wai Baba ne ya saro su shekarar aurensu, ba mai sauke su tana numfashi. Na yi lallashi, na yi faɗa, har ta kira ni marar kunya. To, ta kira. Ga damina ta kankama, ƙasar rufin kullum ƙara nauyi take. Ba inda zan je sai an sauke su.

Taka,
Bara'atu

Tsafe, Talata

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka.

Da baki ya ƙi aiki, sai na ɗauko tabarmata na shimfiɗa ƙarƙashin azarar da ta fi ruɓewa. Na gaya wa Inna in za ta faɗo, ta faɗo mana tare. Kwana uku ba ta kula ni ba. Ni kuwa tsoro kamar ya kashe ni, amma ban nuna ba.

Jiya bayan azahar aka yi ruwa mai ƙarfi. Ina kwance, sai ƙasa ta zubo mini a fuska. Tsohuwar nan da ke kukan gwiwa, ita ta ja ni da ƙafa har tsakar gida, tana zagina tana salati. Da bakinta ta aika a kira magini.

Yau aka sauke su. Biyu a hannun ma'aikata suka karye, cikinsu fal fararen ƙwai. Muka tara su a bayan gida don kada su shiga maƙwabta. Na ɗauko ashana, Inna ta karɓe. Ta ce mijinta ne ya saro su, ita za ta sallame su. Ta kunna, ta tsaya har suka cinye. Ita ba ta yi kuka ba, Yaya. Ni ce na yi.

Ka sauke taka kafin Juma'a. Inna tana gaishe ka.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Bara'atu