Gonar Baba da Ke Cikin Teku

Tsibirin Karkanna, Litinin

Ƙanwata Naziha,

Bayan gaisuwa, da fatan ke da mijinki Rida kun isa birnin Safakis lafiya. Ba zan ja zance ba, raina a ɓace yake.

Ranar Asabar na ba ku aron kwalekwalena ku sha iska. Jiya dattijon nan masunci, Baba Sasi, ya miƙe a gidan shayi, gaban kowa, ya ce an ga kwalekwalen a jikin shingensa na ganyen dabino da yake tare kifi da shi a teku, an zazzage masa kwandunan kifi biyu. "Munsif," in ji shi, "da yunwa ce, ai sai ka zo gida in ba ka." Ba wanda ya yi dariya. Yau na yi sallama a bakin gaɓa, mutum biyu suka amsa.

Kin san nan kowa da gonarsa a cikin teku, wato wurin da ya kafa shingen kifinsa, kuma ba a taɓa kwandon wani. Dattawa za su zauna ranar Juma'a bayan masallaci. In suka ce sata ce, sunan ɓarawo ya hau gidanmu ke nan.

Na san aikin mijinki ne. Mutumin da ya zo teku da takalmin ofis, me ya sani? Ki ce masa ya zo ya wanke ni.

Yayanki, Munsif

Safakis, Talata

Yaya Munsif,

Na gaishe ka, na kuma ji zafin abin da aka yi maka. Amma ka sakar wa Rida mara, bawan Allah bai taɓa komai ba.

Ranar Asabar ɗin da safe mun taka har fadamar gishiri, yana ta ɗaukar hoton jajayen tsuntsayen nan masu tsayuwa da ƙafa ɗaya, har laka ta cinye masa takalmin da kake zagi. Da muka shiga ruwa kuwa, iska na cika ƙyallen jirgi ya kama katako da hannu biyu yana salati. Ni na tuƙa.

Na saita dabinon nan guda da hasumiyar masallaci, yadda Baba ya koya mana, sai ga ni a gonarmu. Ruwa ya fara janyewa, na ɗaga kwanduna biyu da sauri. Yaya, sai da na yi hawaye, don rabona da wurin tun rasuwarsa. Kifin ne na dafa maka da yamma, ka ci har kana tambayar inda na saya, na yi dariya na zaci tsokana ce.

To me ya kai Baba Sasi gonar ubanmu? Don ya gan ka da haƙuri? Takardar gadon tana wurina. Zan zo da ita ranar Juma'a, mu ga wanda za a kira ɓarawo.

Taka, Naziha

Karkanna, Laraba

Naziha,

Ina gaisuwa. Don Allah ki bar takardar nan a inda take.

Gonar ba tamu ba ce yanzu. Shekara biyu ke nan gwiwoyina suka ƙi. Kin san aikin: kowace kaka mutum ya tsaya cikin ruwa har ƙirji yana kafa ganye dubbai. Na kasa. Shingen ya fara zubewa ina kallo, sai na bar wa Baba Sasi gaban shaidu, na roƙe su kada maganar ta haye zuwa Safakis. Sun riƙe amana. Shi ya sa da aka ga kwalekwalena, bai kawo kowa a ransa ba sai ni.

Kifin da nake aiko miki da sunan na gonar Baba, a kasuwa nake saya. Kullum in kin ce ɗanɗanonsa daban ne, kunya kamar in nutse. Rabinki na bayar ba da saninki ba, kuma tsoro ne ya hana ni faɗa.

Kada ki zo. Zan ce ni na ɗauka, in ba shi haƙuri. Gara su ƙi amsa mini sallama da in tsayar da ke gaban maza ana kallo. Ki ba Rida haƙuri a kan maganar takalmi.

Yayanki mai laifi, Munsif

Safakis, Alhamis

Yaya,

Na karanta, sau uku. Ƙarya ɗaya ta ishe mu, ba za ka ƙara ta biyu a kaina ba. Za mu hau jirgin ruwan safe gobe, ni zan faɗa wa dattawa da bakina. Rida ya sayi takalmin roba, ya ce in kaka ta yi zai taya Baba Sasi kafa ganye. Allah Ya sa kada ya nutse.

Gonar na yafe. Shekara biyun ne ban yafe ba tukuna.

Ka dafa mana taliya. Kifi kam kada ka saya.

Ƙanwarka, Naziha