Ni Na Sa Fuskar Kawuna a Buhun Sadaka

Assalamu alaikum Anti, ke da masu bibiyar wannan shafi, barkanku da war haka. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ina roƙon arziki, kafin a fara zagina a daure a karanta har ƙarshe. Ba wai ban cancanci zagin ba ne, na cancanta, don tun bayan ƙaramar sallah ƙyamar kaina nake ji. Amma zagi ba zai gyara abin da na ɓata ba, shawara nake nema.

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Burumburum a ƙasar Tudun Wada. A hannun Kawu na tashi, yayan mahaifiyata. Sunan kakata aka sa mini, wato mahaifiyarsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini tun ina rarrafe. Kawu babban manomi ne, masara da dawa da shinkafa, rumbunansa ba sa yankewa, kuma duk wanda irinsa ya ƙare a garinmu ƙofarsa yake zuwa. Mutum ne mai tsananin gudun abin hannun mutane, ko goro ka ba shi sai ya san abin da ya aika gidanka kafin rana ta faɗi. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da na taka.

Ina aiki a Kano, a wani kamfani da ke zana fastoci da allunan talla da rubutun jikin buhu. Da na fara, hotunanmu a warwatse suke cikin kwamfutoci, wannan folda sunanta "sabo", waccan "sabo na ƙarshe", wata kuma "na ƙarshe wallahi". Sai Oga ya sayo manhajar tsara hotuna, ya ɗora ni a kanta. Yadda take, duk hoton da aka zuba sai a liƙa masa kalmomin da za a nemo shi da su, idan mai zane ya rubuta "kasuwa" duk hotunan kasuwa su fito masa. Akwai wani ɗan akwati da ake dannawa a nuna cewa mai hoton ya ba da izini, kuma manhajar tana riƙe sunan wanda ya zuba hoto da wanda ya ɗauka ya yi aiki da shi. Na iya aikin nan, har da fahariyata, don abin da a da ake wuni ana nema ni kafin a rufe baki na fito da shi.

Wata rana Oga ya tsaya a kaina yana faɗa. Ya ce, "Duk wanda ya nemi 'talauci' a cikin abin nan sai hotunan wasu ƙasashe su fito. Masu rabon abinci hotunanmu na gida suke so, fuska irin tamu. Ke ba 'yar ƙauye ba ce? Ba ki da hotunan mutanenku?" Aka kwashe da dariya. Anti, da kin ga yadda ake zaɓen irin waɗannan hotuna a ofishinmu da kin tofar da yawu. Mutane na zaune cikin sanyin na'ura suna cin tsire, ɗaya ya ce wannan bai rame sosai ba, ɗaya ya ce a samo mai yagaggiyar riga. Ni ma a cikinsu nake. Maimakon maganar Oga ta ɓata mini rai, sai na ji ina so in burge shi.

A wayata akwai hotunan da na ɗauka da kaka, ranar da Kawu ke fitar da zakkar masara. Yana zaune a ƙasa da tsohuwar rigar gona, duk ƙura, tulin masara a bayansa ya fi tsayin mutum, ya juye wa wata mata tiya a buhunta, hannunsa a miƙe da tiyar babu komai a ciki. Na zuba hoton. Manhajar da kanta ta kawo shawarar kalmomi, ta ce dattijo, gona, girbi. Na'ura ma ta faɗi gaskiya! Ni ce da yatsana na goge "girbi", na rubuta talauci, yunwa, mabuƙaci. Na zo kan akwatin izini na danna, ko ɗar ban ji ba. Wane izini? Mutumin da bai ma san na ɗauke shi ba? Na ce a raina hotuna ne dubbai, wa zai kula da wannan.

Ana gab da azumi wani mai hali ya ba mu aikin buhunan rabon abinci. Mai zanenmu ya rubuta "mabuƙaci", Kawu ya fito. Ya yanke tulin masarar, ya yanke matar da ake bai wa, ya bar tsoho cikin ƙura da kwano a miƙe, ya rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: A TAIMAKI MABUƘATA. Na ga samfurin buhun da idona a kan teburin Oga. Mai zanen ya ɗaga shi yana cewa, "Kai, tsohon nan ya iya bara, dubi idonsa!" Kun san me na yi? Dariya na yi. Kunya ta hana ni in ce kawuna ne, wai kada a ce daga irin gidan da na fito ke nan, alhali gidan da na fito ya fi ƙarfin duk wanda ke ofishin. Na lallashi kaina da cewa wata jiha za a kai buhunan. Ashe Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa aka nufa da su.

Da a fasta ne, da ruwa ɗaya ya wanke shi. Amma buhu a wurinmu ba a yar da shi. Da na je gida da sallah, tun daga tashar Tudun Wada na fara ganin Kawu. Mai tumatir ta shimfiɗa shi ta kasa kaya a kan fuskarsa. Wani ya toshe tagar shago da shi. Sannan ga lokacin kai taki gona ya zo. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni ya bi bayan wani mai amalanke, buhuna cike da kashin kaji, ruwan ƙazantar yana tsattsafowa ta daidai gemun Kawu, ƙudaje na bi. Na sa aka tsaya na yi amai a bakin hanya, ɗan acaɓan yana ta yi mini sannu yana cewa rana ce.

A gida na tarar Kawu ya daina zuwa kasuwa, a masallaci ma sahun baya yake tsayawa ya riga kowa fita. Masu tsokana ba su dame shi ba kamar masu tausayi. Matar nan da aka yanke daga hoton, wadda mijinta ya rasu kuma Kawu ke bai wa zakka duk shekara, ita ce ta zo da ragowar masarar a ka, ta durƙusa ta ce, "Malam, ka yafe mini, ban san kai ma kana cikin wani hali ba." Inna, matar Kawu, ta ce ranar bai ci tuwo ba.

Ya kira ni turakarsa, ya fito da buhun a ninke daga ƙarƙashin buzu. Ya ce, "Uwata, ke kika san aikin nan. Ta yaya hoton mutum ke tashi daga gonarsa ya hau buhu?" Ga dama Allah ya ba ni. Bakina ya buɗe, sai na ji ina cewa, "Kawu, yawanci daga waya ne, idan yara suka sa hoto a intanet kowa na iya ɗauka." Ban ambaci sunan kowa ba, da wannan nake ta kare kaina, amma na san sarai inda maganar za ta faɗa. Ɗansa, bari in kira shi Habu, shi ma ya yi ta ɗaukar hotuna ranar zakkar, kuma kowa ya san shi da sa hotunan gona a intanet. Kawu ya ce, "To, na gane." Washegari ya tara 'ya'yansa ya ce ya cire Habu daga gandu, wato gonar gidan da suke nomawa tare su ci tare, kuma ko gaisuwarsa kada ya ƙara kawo masa. Habu na da mata da ɗan jariri.

Habu ya same ni a zaure, idonsa ja. Ya ce, "Yaya, wallahi na bi hotunan wayata ɗaya bayan ɗaya, babu wannan. Na rantse masa ya ƙi saurara. Ke kina cikin masu irin wannan aiki, ki taimaka ki binciko mini wanda ya yi, ko a ina yake." Na dafa kafaɗarsa na ce in sha Allahu. Wace irin mutum ce ni? Wanda ya yi yana tsaye a gabansa yana ba shi haƙuri.

Da na koma Kano na buɗe manhajar na goge hoton, kamar hakan zai kwashe buhunan daga kasuwa. Ko a nan ban tsira ba, don tarihin yana nan: sunana a wurin wadda ta zuba, sunana a wurin wadda ta canza kalmomi, sunana a wurin izini. Abin da nake yabon manhajar da shi, cewa ba ta mantuwa, shi ne yanzu nake buɗewa kullum ina kallo kamar mai sosa ƙurji. Cikakken hoton kuma yana wayata, da tulin masarar da matar da komai, wanda da mutanen garinmu za su gan shi da bakin kowa ya mutu. Amma ranar da na nuna shi, ranar kowa zai san a wayar wa yake.

Yanzu hadari ya fara haɗuwa, ana gyaran gona. Inna ta ce Habu ya ce idan aka yi shuka ba shi a gandu, zai kwashi iyalinsa ya tafi kudu, kuma ba ya jin zai dawo. Jiya Kawu ya kira ni a waya, muryarsa duk ta tsufa. Ya ce, "Uwata, cikin duk waɗanda suka tashi a hannuna ke kaɗai ce ba ki taɓa sa na sunkuyar da kai ba." Sannan ya ce shi bai yafe ba, duk wanda ke da hannu a hoton nan, ko ɗan cikinsa ne, ya bar shi da Allah, kuma kullum sai ya faɗa a sujada. Ya ce, "Ki ce amin, Uwata." Anti, na ce amin.

Idan na faɗa, na wanke Habu, amma ban san ko zuciyar tsohon nan za ta ɗauki cewa Uwarsa ce ta rubuta masa mabuƙaci ta kuma yi dariya ba. Idan na yi shiru, ruwan farko na sauka gidan ya rabe, ni kuma in ci gaba da amsa amin a kan kaina. Don girman Allah jama'a, kafin a yi shuka, me zan yi?