Doguwar Eriya ko Gajera

Samaru, Zariya

Zuwa ga yayana Japheth,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da Clara da yara, da aikinka na jiragen ruwa a Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare. Mu ma muna nan lafiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma zumuntar mata, ɗiyarmu Hephzibah kuma ta shiga sakandare, sai fankama take mana da Turanci. Na rubuto ne don in na fara maganar nan a waya kuka ke ƙwace mini, ga yara suna saurare.

Ka san gonarmu ta can bayan Bomo, inda babu sabis. Tun da aka fara satar mutane a hanyar, manoman cocinmu suka haɗu suka sayi rediyon oba-oba. Ɗaya na cikin a-kori-kurar mijina Shekari, don shi ke kai ma'aikata, ɗaya kuma na ɗakinmu, ni ke zaman saurare. Makon jiya ina ta kira, ba abin da nake ji sai shuuu. Yaya, na kasa ko hura wuta, ina tsaye a ƙofa har la'asar. Sai ga shi ya dawo yana dariya, wai shi ma ya yi ta kira. Ban san lokacin da na rufe shi da faɗa ba.

Washegari muka kai motar wurin Nedu, mai gyaran rediyo a Sabon Gari, wajen Muchia. Ya ce rediyon lafiyarsa lau. Ashe ƙofar mota ce ta daɗe tana matse wayar eriyar har ta tsinke daga ciki, ruwan sama kuma ya shiga mahaɗin ya yi tsatsa. Ga shi Shekari da dabararsa ya ɗaure eriyar a jikin katakon bodi, alhali sai ta zauna tsakiyar rufin ƙarfe take aiki sosai. Nedu ya canja waya, ya kafa mana doguwar eriya mai gindin maganaɗisu. Da aka gwada daga gona, na ji muryar Shekari tar kamar yana tsakar gida.

Murnar ba ta daɗe ba. Wani tsoho mai suna Abarshi, maƙwabcinmu a gona, ya ja Shekari gefe ya ce wasu baƙi da bindigogi sun tambaye shi ko motar wa ce mai dogon ƙarfe a ka. Wai sun ce irin wannan motar ce ke kai wa sojoji rahoto. Muka koma wurin Nedu, ya ba mu gajera wadda ba ta fi taƙi ba, ba mai lura da ita. Amma ya faɗa mana gaskiya, da zarar an gangara kwarin da ke bayan Bomo ba za ta kawo murya gida ba. Mun gwada, haka ɗin ne. Gaba kura ke nan, baya sayaki.

Na roƙi Shekari ya bar masarar da ke gonar, ya ce me za mu ci, kuma ma'aikatan nan wa zai kai su. Daga ƙarshe ya ajiye eriyoyin biyu a kan tebur, ya ce ni zan zaɓa tunda ni ce mai saurare. Ina jin tsoro ƙwarai, Yaya. Kai ka san aikin rediyo. Akwai wadda ba a gani, amma take kai murya nesa? In babu, ka faɗa mini kai tsaye, kada ka lallashe ni.

Ka gaida Clara, da Gabriel da Jessica. Mama da Hephzibah suna gaishe ku. Ku sa mu a addu'a, kuma ka kira ni kafin Litinin, don ran nan za su fara girbi, ni kuma har yanzu na kasa zaɓa tsakanin a gan shi da in daina jinsa.

Taka ƙanwa,
Salome