Mai Zama da Kaka

Lanfen 'yata,

Ya jikin Kaka, ya karatu? Mu nan birnin Dongguan lafiya lau. Ni dai in na taso daga ɗinki sai in kama wanki, Babanki na can wajen kati.

Jiya na ji shi a waya da baffanninki. Wai da sabuwar shekara za su zaɓi wadda za ta zauna jinyar Kaka. Su maza suna da aiki, ƙaninki kuma jarrabawa gare shi. Na ce, "Lanfen ba ta da jarrabawar ne?" Ya ce, "Ai ta iya girki."

Ni ma da wannan yabon aka cire ni daga makaranta.

Ki riƙa sa rigar sanyi. In baffanninki sun zo kuma, ki ƙona shinkafar, ki ƙona ta sosai.

Mamarki