Haƙoran Sahura da Masarar Malam

Anka

Zuwa ga Yayata Balaraba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Yaya damina a Gummi? Mu nan mun gode Allah, ana ta haƙuri.

Na rubuto ne don a waya kullum sai kin ce in maimaita, tun da bakin nan ya zama wayam. Takarda kuwa ba ta gajiya da ni.

Yaya, shekaranjiya wayar Malam ta yi ƙara. Ɗiyata Zinatu ce ke sa mata caji, wai ba ta so ita ma ta mutu. Wata ma'aikaciya ce daga asibitin haƙori a Gusau, ta ce a gaya wa Malam Sanda haƙoran iyalinsa sun kammala. Na kasa ce mata ya rasu. Na ce to, za a gaya masa.

Kunya ce ta hana ni ba ki labarin nan. Kin san yadda ciwon dasashi ya zubar min da haƙora har na bar zuwa biki, na koma rufe baki da gefen gyale. Gab da faɗuwar ruwa Malam ya kai ni asibitin. Suka cika min baki da wani abu kamar ƙullu, suka ɗauki awon sama da ƙasa, za a yi min na roba baki ɗaya. A mota ya yi ta tsokanata, wai sai ya sake zuwa zance. Muna dawowa ya shuka masara a bayan ɗakina, ya ce ita da haƙoran tsere za su yi, ranar da suka haɗu zai gasa min da hannunsa, ya zauna ya kalli yadda zan ci. Masarar tana kai gwiwa zazzaɓin nan ya tafi da shi.

Yanzu masarar ta yi goyo. Ni ga ni cikin takaba. Ki gaya min yadda zan yi.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Sahura


Anka

Yayata Balaraba,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya. Direban motar Gummi ya kawo amsarki da man shanun, Allah ya saka da alheri.

Kin ce in je. Amma ƙanwar Malam, Hure, ta zo daga Bukkuyum, ta ce haƙori ado ne, mai takabar da aka hana kwalli da lalle yaya za ta dawo gida da fararen haƙora kamar budurwa, mutane me za su ce. Ba da mugunta ta faɗa ba, tana faɗa tana share hawaye. Ɗan'uwanta take karewa. Na aika aka tambayi liman, ya ce wannan magani ne, in fita da rana in dawo kafin magariba. To amma, Yaya, ba liman ne zai zauna da ni cikin mata ba.

Ma'aikaciyar ta sake kira. Wannan karon Zinatu ta gaya mata gaskiya. Ta yi mana ta'aziyya, ta ce amma kada a jinkirta, don dasashi yana motsewa, in an daɗe awon ba zai zauna ba.

Jiya bayan azahar barci ya ɗauke ni a kan tabarma. Na ga masarar ta fi ɗaki tsawo, ganyenta na kaɗawa kamar ruwan gulbin da muke wanki muna yara. Malam na tafiya a tsakiya, ina jin ƙanshin garwashi, ina binsa. Ya juyo zai dube ni, sai na kai hannu na rufe bakina yadda na saba. Ko a mafarki, Yaya. Da na sauke hannun babu shi. Na farka ina jin haushin hannuna.

Gemun masarar ya fara baƙi. In ta bushe, sai dai a kai ta niƙa.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Sahura


Anka

Yaya,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Na je. Hure ce ma ta raka ni. Ban yi mata gardama ba, na dai kai ta bayan ɗaki na nuna mata masarar, na gaya mata abin da yayanta ya ce. Ta daɗe tana shafa ganyen, sannan ta ce ai shi tun suna yara bai iya barin mutum ya ci abinci cikin natsuwa ba, sai ya tsare shi da ido. Ta ce in ɗauko hijabina.

Sun sa min haƙoran, sun goge inda ke cizo. Nauyi gare su, yawu na ta taruwa, maganata kamar ta mai koyo. Likita ya ce in fara da abu mai taushi, in cire su in wanke kafin barci in sa a ruwa. Da ya miƙo madubi sai na ga fuskar Inna tana kallona, lokacin da take da ƙarfinta.

Washegari da la'asar na hura garwashi da kaina, na karyo guda ɗaya na gasa. Ban iya gatsa ba. Na riƙa ɓanɓaro ƙwayar da ɗan yatsa, ina taunawa a hankali ta gefe biyu. Zaƙinta, Yaya! Na juya wajen turmin da Malam yake zama a kai, iska na kaɗa ganye, na ci gaba da ci. Wata ƙwaya ta maƙale, haƙoran sama suka motsa, na san da yana nan da ya yi dariya har ya tuntsure. Sai dariyar ta kama ni ni kaɗai, ga hawaye. Hannuna kuwa yana kan cinyata, bai tashi ba.

Na bar sauran su bushe don iri. In na fita takaba zan kawo miki naki, ki shuka a bayan ɗaki.

Ki gaida maigidan da yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Sahura