Idon Kakanmu Na Biyu

Zuwa ga 'yar ƙanena Miheret,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya kare ku daga sanyin ƙasar Turawa. Mu nan kalau muke. An gama girbin hatsinmu na tef, ƙafar gwaggonki Letay kuma ta yi sauƙi, har tana hawa dutse zuwa coci da kanta.

Bayan haka, masu binciken da kika haɗa ni da su sun zo sun tafi, sun bar mini abin da zan mutu da shi. Kin san zanen kakanmu da ke kwance ƙarƙashin ƙafafun Maryamu a bangon coci tun zamanin da, wanda saboda shi gidanmu ke yaye labulen bangon ranar idi. Suka kafa na'urarsu, suka haska shi da wani hasken da ke ratsa fenti, sai ga hoto a kwamfuta: asalin fuskar a karkace take, ido ɗaya. Daga baya ne wani ya juyo ta, ya ƙara na biyu. Shugabarsu har tafi ta yi, wai abin sha'awa. Ta san sarai cewa mugu kaɗai masu zanenmu ke yi wa ido ɗaya, amma ta juya kwamfutar a farfajiya kowa ya gani.

Yanzu Hagos mai injin niƙa sai ya runtse ido ɗaya yake gaishe ni, yana tambaya ta wane gefe zai tsaya in gan shi. Limamin cocinmu Abba Tekeste, wanda ni na koya masa karatun Gi'iz, harshen ibadarmu, tun yana majina, ya ce in yi haƙuri, dattawa sun ba wani gida labulen bana. Na ce masa wanda ya ƙara idon nan da azumi ya riƙe alƙalaminsa, ya kuma san dalilinsa. In mutum ya tuba har coci ta juyo da fuskarsa, wace na'ura ce za ta tono masa? Ya ce shi dai jama'a sun riga sun gani. Jiya na miƙa igiyar labulen da hannuna.

Ki gaida maigidanki Kidane, da Selam da ƙaramin Yared. Letay tana gaishe ki. Tabarau ɗin da kika ce za ki aiko, ki bar shi. Abin da na gani ya ishe ni.

Baffanki,
Fisseha Woldegiyorgis